Sawun Baba a Cikin Taɓo

Bana marka ta sauka da wuri. Mun yi kwana shida rana ba ta yi wuni guda a fili ba. Fadamar da ke bayan gari ta cika, hanyar da ta bi ta gefenta ta zama caɓi, masu babura sun koma zagayawa ta bakin titi. Irin shinkafata ya isa dashe, takalmin ruwana kuwa, wanda ya yi mini damina huɗu, ya tsage a dunduniya.

Ranar Talatar da ta wuce babban ɗana, wanda ke aiki a Kano, ya kira ni a waya. Ya ce ya ji labarin takalmin, zai aiko mini da sabo, lamba nawa nake sawa? Haka ya yi tambayar kai tsaye, kamar mai tambayar ƙarfe nawa. Na faɗa masa lambar. Sannan na ce kada ya saya tukuna, ya bari in ya zo ƙarshen mako mu je kasuwar Tudun Wada tare, ƙafar ta zaɓa da kanta. Ya yi dariya ya ce to. Da na ajiye wayar na daɗe zaune a zaure ina kallon ruwa yana zuba daga indararo. Tambayar da ya yi mini cikin numfashi ɗaya ita ce na kasa yi wa nawa mahaifin shekara arba'in da suka wuce, kuma saura ƙiris rashin yin ta ya ci masa ƙafa.

Mu muna cikin waɗanda ruwan dam ɗin Tiga ya tasa. Ina yaro aka kwashe mu daga tsohon garinmu, aka ba mu fili a kan tudu ta wajen Bebeji, muka gina sabbin ɗakuna. Wasu daga cikin mutanenmu suka koma sana'ar su, suka koyi jefa birgi don kama kifi. Baba, wanda jama'a ke kira Malam Garba, ya ce shi bai iya neman abinci a inda ba ya ganin ƙasa ba. Ya riƙe gonar tudu, ya kuma samu fangali takwas a fadama, ya fara noman shinkafa.

Shekarar da nake magana, daminar da ta gabace ta ta yi gardama. Ruwa ya ɗauke dawa na fitar da kai, gero ya yi rabin abin da ya saba. Kafin marka ta zagayo, Baba ne kaɗai ke hawa rumbu. Ya sauko da damin da ya sauko da shi, ba ya cewa saura nawa, ba kuma mai tambaya. Da safe kunun kanwa ne tsararo. Da rana kwaɗon rama ko na tafasa, ƙuli-ƙulin cikinsa sai an nema. Tuwo sau ɗaya ne, bayan magariba, kuma Inna kan ce ita ta ci nata tun a wajen tuƙi.

Sai kuma ruwan da aka yi ta roƙo bara ya zo a shekarar nan, da nata da na baran. Sama ta rufe ruf. Ba tsawa, ba iska, yayyafi ne kawai wanda ba ya gajiya. Itace ya jiƙe, ashana ta yi sanyi, duk safiya sai an ɗebo garwashi a tsingaro daga gidan da wutarsu ta kwana. Hayaƙi ya cika ɗakin girki har Inna ta riƙa aiki da ido ɗaya. Tufafi ba sa bushewa, a sa su da danshinsu da warinsu. Wani lokaci a ji dim daga wata unguwa, a san katangar wani ta zauna. Duk namijin da ke shiga fadama yana fama da cin ruwa a tsakanin yatsu, da yamma ka ga dattawa a ƙofar masallaci ƙafafu jajur da lalle, kamar masu shirin biki. Duk da haka mutane na cikin walwala, domin kowa na ganin abin da ke tsaye a gona. Yunwar mai ganin kore daban take da ta mai kallon fako.

Lokacin ina da shekara ashirin da uku, wata biyar da fara aiki a wani gidan rediyo a Kano. Na karɓi hutu na zo dashe, na tarar da Baba yana ɗingishi. Fartanya ce ta kuɓuce masa ta sare shi a gefen ƙafar dama. Malamin asibiti na ɗakin shan magani a Bebeji ya wanke, ya ɗaure, ya kuma ce kada ruwa ko taɓo su taɓa wurin sai ya rufe. Ya ƙara da cewa in ya ruɓe sai Kano, a Kano kuma ba sa doguwar shawara da ƙafar da ta ruɓe.

Saura mako guda a fara gayya. Gidaje goma sha biyu ne suka haɗa kai, kullum a yi dashen gida ɗaya. An gaya wa Baba ya zauna, ga ɗansa ya zo zai tsaya masa. Ya ce shi bai taɓa jin inda sa'o'insa ke cikin taɓo shi yana kan tudu yana kallo ba, ƙafa ɗaya ce ta ji ciwo, hannuwansa lafiya suke. Duk wanda ya san shi ya san magana ta ƙare.

Na taɓa ganin takalmin ruwa a ƙafar ma'aikatan da ke kula da hanyoyin ruwan dam, baƙi, dogo har kusa da gwiwa. A garinmu ba manomin da yake da shi. Na ƙudura zan sayo wa Baba. Ban gaya wa kowa ba, don na san in ya ji cewa zai yi a sayo tsaba. Abin da ya rage shi ne awo, kuma a nan na tsaya.

Ni ne ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah. Ina ƙarami, "yaron nan" ne. Da na tafi birni na zama "mutumin Kano". In zan gaishe shi daga nesa nake tsugunawa, ya amsa yana kallon wani wuri. Abin da yake so in sani Inna yake gaya wa, ko ya faɗa wa iska alhali ina kusa. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san haka, ni ma na sani. Amma a irin wannan zama babu ƙofar da zan bi in ce, Baba miƙo ƙafarka in auna. Bai taɓa sa takalmi mai lamba ba. Faden da yake zuwa Juma'a da shi kuma yana rataye a ɗakinsa, ɗakin da ban taɓa wuce bakin ƙofarsa ba.

Sai na yi dabara, kuma a lokacin na ji daɗin dabarar ƙwarai. Da sassafe Baba kan dogara sanda ya je duba irin shinkafa daga bakin fangali. Na bari ya je ya dawo, na zare kara ɗaya daga darni, na bi hanyar. A wata gangara na samu sawun ƙafarsa ta hagu, mai lafiyar, ya fito sarai a cikin taɓo, har yatsu biyar ana ƙirgawa. Na tsuguna na ɗora karan daga dunduniya zuwa babban yatsa. Da zan karya sai na tuna ba a ɗinka wa babba riga daidai jikinsa, kayan manya da yalwa ake yi. Na ƙara faɗin yatsa ɗaya na karya.

Washegari na bi motar safe zuwa Kano. A kasuwar Sabon Gari mai takalma ya karɓi karan, ya yi ta ɗora shi a ƙasan takalma har ya kai ga na ƙarshen layi. Ya dube ni ya ce wannan ƙafar ta wane Basamude ce? Na ce masa mahaifina mutum ne mai jiki, kuma na faɗa da ɗan fushi. Ya naɗe mini a takarda. Da na iso gida na ajiye a ƙofar ɗakin Inna, ita ta kai. Ban ji abin da aka ce ba.

Ranar farko ta gayya Baba ya fito da takalmin. Mutane suka kewaye shi, wannan ya latsa, wancan ya ƙwanƙwasa, wani ya ce Malam Garba ya zama injiniya. Na ga Baba ya gyara zaman malafarsa. A kan hanya na lura ƙafarsa na kaɗawa a ciki kamar muciya a babbar tukunya. Na ɗauka haka sabon takalmi yake yi.

Dashe aiki ne na sunkuyo. A jeru kafaɗa da kafaɗa, kowa da damin iri a hannun hagu, a soka da dama, a ja da baya taki ɗaya. Ruwa a ƙwauri, yayyafi a gadon baya, matsattsaku suna neman inda za su kama. Taɓon fadamarmu laka ce mai danƙo. In ka taka sai ta rungume ƙafa, kuma ba ta saki sai ka murɗa. Ƙafar da ba takalmi ta san yadda take zamewa ta fita. Takalmin da ya kama ƙafa shi ma yana biyo ta. Wanda bai kama ba kuwa, laka ce ke riƙe shi.

A rana ta biyu na gani da idona. Muna layi ɗaya, mutum uku ne tsakaninmu. Baba ya ja ƙafar dama, ƙafar ta fito da bandejinta, takalmin ya tsaya a inda yake, bakinsa a buɗe. Ya yi tangaɗi, ya dafa ƙafar a cikin ruwa don kada ya faɗi, sannan ya mayar da ita ciki da sauri, da taɓon da komai. Ya waiga ko wani ya gani. Na sunkuyar da kai na ci gaba da soka iri.

A rana ta uku takalmin ya daina kaɗawa, na ji sanyi a raina. Ashe tsumma ya cusa. Bakin takalmin kuma yana nan da faɗinsa, duk takin da aka yi kusa da shi sai ruwa ya fantsama ya gangara ciki. Robar da ke hana ruwa shiga ita ce ke hana shi fita. Da ya je da ƙafa tsirara, aƙalla da iska ta sha wurin a kan hanyar dawowa. Yanzu miki na wuni a jiƙe cikin tsumma, daga hantsi har la'asar. Lokacin salla kuma sai ya zagaya bayan wani suri ya yi alwalarsa shi kaɗai.

Da safiyar rana ta huɗu na shiga ɗakin girki karɓar kunu, na ga tsummokara a shanye kusa da murhu. Tsohon zanen Inna ne aka yayyaga. An wanke su, amma tabon bai fita ba, rawaya-rawaya da ja. Inna tana damu, ba ta ɗago ba. Ta ce wa tukunyar, jiya bai runtsa ba. Na tsaya da ƙwarya a hannu. Can ta ƙara cewa, ai akwai wanda ba ya jin nauyinsa.

Na gane wanda take nufi. Kawu Tanko ɗan gwaggon Baba ne, wato taubashinsa, kuma yana cikin waɗanda suka koma su. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba tare da sun tsokani juna ba. Na same shi a ƙofar gidansa yana ɗinke birgi, na tsuguna na gaishe shi, na faɗa masa abin da na gani. Ya saurara har na gama.

"Da me ka auna?"

Na ce da kara.

"Karan a ina ka ɗora shi?"

Na gaya masa. Ya ajiye birgin ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Sawu a taɓo. Ɗan nan, ko akuya ce ta taka taɓo sai ka rantse saniya ce ta wuce. Ƙafa in ta shiga zamewa take yi, ta ja gaba ta ja baya. Kai ne aka ce kana karanta wa duniya labarai, tsawon ƙafar tsohonka ya gagare ka tambaya?"

Na ce ai shi ma ya san ba zan iya ba. Ya daina dariyar, ya ɗan dube ni.

"Na sani. Shi ya sa Allah ya yi irinmu."

A ranar, dashen wani maƙwabcinmu ake yi. Da azahar aka fito aka taru a gindin ɗorawa, matan gidan suka aiko da dambu. Baba ya ɗauki buta ya nufi bayan suri. Sai ga Kawu Tanko ya ɓullo a kan kekensa, ya jingine shi, ya bi bayansa. Ni ma na bi, na tsaya ta ɗaya gefen surin.

Na ji Kawu yana cewa ya samu labari Garba ya sayi jiragen ruwa har biyu bai sanar da masunta ba. Baba ya ce ya tafi ya ba shi wuri, mai ƙarnin kifi kawai. Kawu ya ce zai tafi, amma sai ya ga cikin jirgin. Kafin Baba ya janye, ya kama dunduniyar takalmin ya ja. Takalmin ko gardama bai yi ba, ya fito. Kawu ya kifa shi. Ruwa ya zubo, launin kunun kanwa, tsummokara suka biyo baya.

Na leƙa. Ƙafar ta kumbura har idon sawu. Fatar ta yi fari ta tattare, bakin mikin ya buɗe, gefensa ya yi ja. Daga inda nake na ji warin. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya a hankali, kwana nawa ke nan? Abin da Baba ya ce shi ne:

"Yaron ya yi ƙoƙari. Tun daga Kano ya ɗauko shi. Ba a ce wa mai kyauta kayansa sun yi yawa."

Ban sani ba ko ya san ina tsaye a wurin. Ina zaton ya sani.

Kawu ya ce to shi ya faɗa, sun yi yawa, kuma ya ƙwace, taubashi ba ya sata sai dai ya ɗauka. Ya zare ɗayan ma, ya ɗauraye su, ya zura ƙafafunsa. Kawu Tanko ƙato ne, ƙafarsa kamar faifai, suka zauna masa. Ya ce wa Baba ya hau keke ko ya ɗauke shi a kafaɗa a gaban jama'a, ya zaɓa. Baba ya hau keke.

Malamin asibiti ya yi faɗa sosai, in ji Kawu. Ya wanke, ya yi allura, ya ce da an ƙara kwana biyu da ba shi zai duba ba. Ya sa a riƙa kai shi kullum. Da yamma dattawan gayya suka zauna a ƙofar masallaci suka mayar da ranar gidanmu ta zama ta ƙarshe. Suka aika wa Baba cewa ba don shi ba ne, fangalinsa ne ruwa ya yi wa yawa, sai ya ɗan janye. Kowa ya san ruwan fangalinmu daidai yake da na kowa.

Da safe bayan na dawo daga masallaci na ga wani abu a kan jakata a zaure. Kara ne, an yanke shi da wuƙa, bakinsa sumul, ba karyawa aka yi ba. An naɗe shi da zaren rama guda biyu, kowanne da ƙulli. Na san yankan wuƙar Baba. Tsohon karan nawa yana cikin jakar, na ciro na jera su. Nawa ya fi da faɗin yatsa uku. Ɗaya nawa ne, biyu na taɓo.

Kawu ya zo da kwandon bandar kifi ya ce in kai Kano in sayar in sayo wani takalmin, kada Garba ya riƙa yawo da shi a gari cewa ya yi masa fashi. Ya ce shi ya ce a auna, Baba ya kore shi waje ya auna da kansa, da bandejin a jiki. Zare ɗaya na kaurin ƙafa ne ta inda ta fi tudu, ɗayan na sha-raɓa. Sannan ya karanta mini abin da ya koya wajen ma'aikatan dam, yana lanƙwasa yatsu. Tsawo kaɗai ba awo ba ne. Dunduniya ce ke riƙe takalmi, in ta yi sako-sako laka ta samu nata. Bakinsa kada ya wuce a zura yatsa biyu. In lanƙwasa gabansa in gani, robar da ta yi fari a wurin lanƙwasa ba za ta ga kaka ba. In duba ƙasansa ya zama mai zurfin zane, saboda santsi. In sa a zuba ruwa a ciki a gabana, wanda ya ɗiga daga ciki zai sha daga waje. In haɗo da safa biyu, ɗaya a ƙafa ɗaya a kan igiya.

Mai takalman ya gane ni. Ya karɓi sabon karan ya juya shi, ya ce ashe Basamuden ya rame. Wannan karon ban yi fushi ba. Na sa shi ya sauko da guda biyar, na zagaya zaren ramar a kowanne, na lanƙwasa, na sa yaron shagonsa ya kawo ruwa a buta. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin mai sayen takalmi da igiya ba.

Ranar gayyarmu sama ta ɗan buɗe, rana ta leƙo karon farko cikin kwanaki, tururi na tashi daga bakin fangali. Kumburin ya sauka, mikin ya fara haɗewa. Malamin asibiti ya yarda Baba ya shiga, da sharaɗin ya fito da azahar ya cire takalmin, ya shanya ƙafar, ya sake safa. Kawu ya ce shi ne ɗan sandan wannan sharaɗi. Inna ta fito da abin da ta ɓoye don wannan rana, ta yi dambu da zogale, ta kawo da kanta har bakin fadama, abin da ba ta saba ba.

Baba ya sa ƙafa a fangalin farko. Ya taka, laka ta kama. Ya murɗa ya ja, takalmin ya biyo ƙafar. Ya sake takawa ya sake ja. Ina nesa da shi da taki huɗu, ina kwance damin iri. Ya juya wajen Inna, wadda ke tsaye a kan tudu da ƙwarya a ka, ya ce:

"Ki gaya wa mutumin Kano wannan ya zauna."

Inna ta ce za ta gaya masa in ta gan shi.

Mun gama fangali takwas kafin la'asar. Ƙafar ta warke, ta bar tabo mai tsawon ɗan yatsa. Da kaka shinkafar ta yi kyau, muka ci tuwonta har muka manta ɗanɗanon tafasa. Takalmin ya yi wa Baba damina shida. In ya dawo ya wanke shi, ya kifa shi a kan turaku biyu a inuwa, bai taɓa barinsa a rana ba. Kawu Tanko kuwa ya yi shekaru yana yawo da nasa a bakin dam yana kiransu jiragensa, kuma duk wanda ya tambaye shi inda ya samu sai ya ba shi labarin sawun, da ƙari. A bakinsa yatsu ukun nan sun kai taƙi guda kafin ya rasu.

Jiya muka je Tudun Wada ni da babban ɗana, a motarsa, ana yayyafi. Yanzu takalmin ruwa ba abin kallo ba ne. Rumfa guda na gani cike da shi, baƙi da kore da ruwan ƙasa, wani mara nauyi kamar ba roba ba, har da na mata. Masu dashe, masu wankin mota, masu kai shanu ta wajen Falgore, kowa da nasa. Na sa muka jira sai bayan azahar, lokacin da ƙafa ta sha tafiya ta kai girmanta. Na zo da safata a aljihu.

Mai rumfar ya ba ni benci. Na farko lambata ce daidai, amma bakinsa zai ɗauki hannu guda, na mayar. Na biyu na lanƙwasa gabansa ya yi fari. Mai rumfar ya ce Alhaji ya san kaya. Da na zura na uku, kafin in sunkuya sai na ga yaron nan ya tattare wandonsa ya tsuguna a gabana a cikin caɓin kasuwa. Ya ce Baba ɗaga ƙafarka. Ya latsa gaban takalmin da babban yatsa yana neman inda yatsuna suka tsaya. Ya zura yatsa biyu a bakin. Sannan ya kama dunduniyar da hannu biyu ya ce in ja. Ni na ba shi labarin Kawu Tanko tun yana firamare, ban san ya riƙe ba.

Na ja. Takalmin ya biyo ni.

Hannunsa na kan ƙafata, ban san inda zan sa idona ba. Na dubi rufin rumfar, na dubi masu wucewa da laima. Sai na ji bakina yana ce wa mai rumfar:

"Gaya masa wannan ya zauna."

Mai rumfar ya dube ni, ya dubi wanda ke tsugune, bai gane ba. Yaron ya yi dariya, bai saki ƙafar ba.

"Na ji, Baba. Kawo ɗayar."

Na miƙa masa.